Hannayen Dama a Gwangwani

Shekara goma sha ɗaya yana tara 'yan tsanan roba na jabu, har sunan ya bi shi, kowa Mai Jabu yake ce masa. Ba ya sayen na asali. Waɗanda ƙananan masana'antu suka kwaikwaya ba izini yake nema, jaruman wani tsohon shirin talabijin na dakarun sararin sama. Darajarsu a wurinsa tana cikin kuskuren da aka yi: jar hula maimakon shuɗiya, suna a juye a ƙarƙashin ƙafa, ido ɗaya ya ɗara ɗaya.

Littafinsa yana maɗaba'a. Shafi tamanin, kowane ɗan tsana da hotonsa da yadda ake gane shi. A bangon littafin aka sa kwamandan dakarun mai hannun hagu biyu. Babi guda, na shida, ya yi a kansa. Ya rubuta cewa wata masana'anta ce ta rikita zubinta na 'yan kwanaki, kuma bakwai kaɗai aka sani, duka suna kabad ɗinsa. Ƙanin matarsa, mai gyaran agogo, shi ya riƙa samo masa su ɗaya bayan ɗaya, wai wajen 'yan gwanjo.

Ranar Talata da hantsi ya biya shagon ƙanin don aron madubin duba agogo. Ƙanin yana bakin ƙofa da wani mai kawo gyara.

"Durowa ta biyu, Yallaɓai. Kada ka ɓarar min da kusoshi, na san hannunka."

Ta uku ya jawo bisa kuskure. Akwai wani gwangwanin alewa a ciki, murfinsa a karkace. Ƙananan hannaye ne na roba masu farar safa. Ya jera su a kan tebur. Bakwai, duka na dama, kowanne an cire shi daidai wuyan hannu, aikin wanda ya saba da ƙananan abubuwa.

Ƙanin ya shigo, ya tsaya.

"Au. Ka gan su."

"Na gan su. Na hagun fa, a ina ka samo?"

"Bibbiyu nake saye. In cire na wannan in sa wa wancan. Ruwan zafi da ɗan gam, shi ke nan." Ya kasa ɓoye murmushi. "Kai da kake kwana kana leƙen gindin ƙafar 'yar tsana, ko wurin haɗin ba ka gani ba."

Mai Jabu bai yi dariya ba.

"Haba, Yallaɓai. Jabu kake so, jabu na ba ka. Ina abin ɓacin rai?"

"Na masana'anta kuskure ne, ba wanda ya san zan saya. Wannan da gangan aka yi, kuma domina."

Ƙanin ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya.

"To ba ni na fara ba. Yaya ce. Lokacin da aka sallame ka daga aiki, wata huɗu ko ƙofar gida ba ka leƙawa. Ta ce in nemo abin da zai tashe ka. Guda ɗaya muka shirya. Da ta ga har aski ka je ka yi, ta ce in ƙara."

Mai Jabu ya dubi hannayen. Matarsa ce ta buga masa wannan babin a kwamfuta, shafi tara. Har ta gyara masa waƙafi a wuri biyu, ta ce jimlar ƙarshe ta yi daɗi.

Ya zaro waya ya kira mai maɗaba'a.

"Kun fara bangon?"

"Yana kan inji yanzu haka, ranka ya daɗe."

"A tsayar. A cire babi na shida ma."

"Shi ne fa littafin! Masu saye kansa suke tambaya. Me za mu sa a gurbinsa?"

"Ga ni nan zuwa."

Ya kashe wayar. Ƙanin ya miƙe ya tare hanya da hannu.

"Wallahi ba wanda zai gane. Mu uku ne kawai muka sani."

"Jiya ku biyu ne."

"To me zan ce wa Yaya in ta kira?"

"Ka ce mata kada ta jira ni da abincin rana."

Ya ratse ta gefensa ya fita titi, ya tsayar da motar haya mai zuwa maɗaba'a.