Kitse a Farantin Auta

Tsohon mahaucin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana zura hannu cikin tumbin shanu. Ya zaro leda, ya zaro igiya, wata rana har agogon hannu ya zaro, kuma ya rantse agogon yana aiki. Duk wannan bai taɓa tayar masa da zuciya ba, sai ranar da autarsa ta shiga kicin ta ce ita za ta yi masa karin kumallo.

Auta ta daɗe ba ta leƙo gida ba. Tun ranar da ta ce ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, shi kuwa ya tuntsire da dariya a gaban baƙi ya ce 'yar mahauci ta koma akuya, ta ɗauke ƙafa. Sai jiya da yamma ta sauka, tana cewa kwana ɗaya za ta yi. Shi dai so yake ta zauna, ko da mako guda ne. Don haka ya ƙudurta a ransa, ko ƙasa ta dafa zai ci, ya ce madalla.

Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa yana kallo. Ta fiddo ayaba baƙa ƙirin, wadda ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a kanta. Ta ɓare, ta dame da cokali mai yatsu har ta koma kamar abin da jariri ya mayar. Ta zuba wani hatsi shafaffe mai suna ot, wanda shi a wajen masu dawaki ya san shi. Sannan ta ɗauko kofin da ta jiƙa wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, sun kumbura suna yauƙi, kowace da ɗigon ido a tsakiya.

"Auta, wannan ba ƙwan kwaɗi ba ne?"

"Baba ke nan! Iri ne. Shi ke maye gurbin ƙwai, ya haɗe kwaɓin."

"To ai gara ƙwan, shi an san uwarsa."

Matarsa, da ke yanka abarba a gefe, ta harare shi. "Malam, ba cewa ka yi yau bakinka a ɗinke yake ba?"

Auta ta tsiyaya madarar kwakwa, ta watsa kirfa da yankakken dabino, ta juya. Kwaɓin ya riƙa yin wani ƙara, caɓal caɓal, kamar ana taka laka da silifa. Ta miƙo masa tsohon farantin ƙarfe na gashi da wata 'yar kwalba.

"Baba, taimaka ka shafe min wannan, kada ya kama. Bari in ɗauko mangwaro da gwanda a firji."

Ya buɗe kwalbar ya sansana. Man kwakwa. Ƙamshinsa sak na man kitson da mata ke shafawa a ka. Ya dubi farantin, wanda tun da aka saye shi bai san wani mai ba sai kitsen rago, kamar yadda wuƙaƙensa ba su san wani ba. A wajensa kitse ba nama ba ne, kayan aiki ne, kamar sabulu. Ya miƙa hannu bayan tukwane ya lakuto kitse daga gwangwaninsa, ya mulke farantin lungu da saƙo. Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga Auta ta dawo, ta fasa.

Aka juye kwaɓin, aka jera mangwaro da abarba da gwanda a sama, aka tura cikin obin don ya gasu. Auta ta yamutsa hanci.

"Inna, kicin ɗin nan har bangonsa ƙarnin nama yake."

"Haka muka gan shi, haka muke haƙuri da shi," in ji Inna, idonta na kan mijinta.

Suna jiran gashi Auta ta saki jiki tana hira, irin hirar da ya yi kewa. A ciki ta ce ko zuma ba ta sha.

"Zuma kuma? Ƙudan zuma yanka shi ake yi?"

"Guminsa ne, Baba. Ka san abin da ya raba ni da gidan Goggo? Romo ta zuba min a wake, ta ce ai ruwa ne kawai. Ba cin ne ya fi yi min ciwo ba, rainin ne. Har yau ban sake taka gidanta ba."

Tsohon ya tuna kitsen da ya mulke farantin da shi. Ya saci kallon obin. A bayan gilashi kwaɓin na ta ɓulɓula, gefensa na tsirtar mai.

Da aka sauke, ga mangwaro ya narke ya yi laushi kamar gyambo, gwanda ta saki ruwa. Auta ta ajiye a tebur, ta kawo cokula uku. Kafin ta zauna ya jawo farantin gabansa, ya kewaye shi da hannu.

"Ni aka yi wa, ko ba ni ba?"

"Kai ne, Baba, amma ai..."

"To kowa ya nemi nasa."

Ya kai loma ta farko da zafinta, don ya san halin kitse: da ya huce zai daskare ya yi fari a gefe, ya tona masa asiri. Zaƙin ayaba, tsamin abarba, yauƙin ƙwayoyin nan, duk suka haɗu da ƙarnin rago suka manne masa a ganɗa. Cikinsa ya yunƙuro, ya danne shi da loma ta biyu. Gumi ya karyo masa. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Inna, dubi Baba, har da hawaye!"

"Daɗi ne, 'yar nan. Bar shi ya ci kayansa."

Ya ci tsakiya, ya ci gefe, yana haɗiya ba tauna. Gwandar ce ta fi ba shi wuya, ɗumi-ɗumi, tana sulɓewa a maƙogwaro kamar mai rai. Da ya rage ƙanzo, Auta ta miƙo cokalinta.

"Ko ɗan na ƙasan nan ka bar min, in ji yadda ya gasu."

Nan ne kuwa kitsen ya taru. Ya ɗaga farantin sama, ya kankare, ya suɗe da yatsa, har ƙarfen ya yi ƙyalli. Ya ajiye, ya riƙe bakin tebur da hannu biyu, yana numfashi ta hanci a hankali.

Auta ta daɗe tana kallonsa. Can ta sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa.

"Wallahi na zata tofarwa za ka yi, Baba. Na ma shirya abin da zan ce maka kafin in tafi." Ta share ido da bayan hannu. "Na fasa tafiyar yau. Zan yi mako biyu. Kullum da safe ni zan riƙa gasa maka."

"Ki riƙa yin faranti biyu," in ji Inna, "kin ga ɗaya ba ya isarsa."

Tsohon ya so ya ce madalla, amma ya san in ya buɗe baki ba magana ce za ta fito ba. Sai ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.