Ranar da Guduma Ya Dawo Tsakiya

A shagon gyaran waya na bakin titi akwai wata tsohuwar kwamfuta mai karyayyen murfi, sai an tokare ta da kwalin batura take tsayawa. A gabanta saurayin da ake kira Koci yake ƙarar da duk lokacin da babu kwastoma. Gem yake bugawa a cikinta, na horar da ƙungiyar ƙwallo. Ba ka buga komai da ƙafarka, kai dai ka jera mutane, ka ba kowa aikinsa, ka zauna kana kallon ɗige-ɗige suna gudu. In an tashi kwamfuta ta ba kowane ɗan wasa maki cikin goma. Sunan Koci tsokana ce, ko akuya bai taɓa horarwa ba.

Yayansa ne ɗan ƙwallon gidan. Guduma ake ce masa saboda ƙafarsa ta dama. Shekara goma sha ɗaya yana saka lamba tara a ƙungiyar unguwa, da safe kuma yana walda. Yanzu gwiwa ta fara yi masa magana. Ranar Asabar wakilin wani babban kulob zai zo kallon wasansu, zai ɗauki mutum biyu. Guduma da bakinsa ya faɗa a gaban Umma cewa wannan ce ta ƙarshe, in ba a ɗauke shi ba ya haƙura da ƙwallo.

Koci ya ƙirƙiri yayansa a cikin gem ɗin. Bai yi masa kara ba: ƙarfin bugu sha takwas cikin ashirin, gudu tara. Ya ajiye shi a bakin raga yana dako, wasa arba'in, maki ya ƙi wuce shida. Sai ya canja masa aiki zuwa abin da gem ɗin ke kira tara na bogi, wato ɗan gaba da zai riƙa dawowa tsakiya, ya janyo 'yan baya su biyo shi, 'yan gefe su faɗa cikin gurbin da aka bari. Wasa arba'in kuma. Maki takwas da rabi.

Ranar Alhamis ya ɗauki kwamfutar da kwalinta ya je shagon walda.

"Yaya, in ka tsaya a gaba danne ka za su yi. 'Yan bayan nan yara ne, sun fi ka gudu."

Guduma ya ɗage gilashin walda. "Kai ne za ka koya min ƙwallo? Kai da ko gola ba a yarda a saka ka?"

"Ka duba dai."

Ya duba. Ya tsuguna da safar hannu a cinya, yana bin ɗige-ɗigen da ido.

"Wannan ɗigon ni ne?"

"Kai ne."

"Ko a nan ma sai da ka yi min ƙaton kai." Ya yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Ɗigon ya dawo baya, ya ba da ƙwallo, wani ya ci. "To shi mutumin zai gane ni na haɗa?"

"Duk wanda ya san ƙwallo zai gane."

Guduma ya daɗe yana shafa gwiwarsa. "Kai ne mai karatu," ya ce.

Mai horar da su tsohon direba ne, dabararsa ba ta wuce "ku buga gaba" ba. Da aka yi masa bayani ya ɗaga kafaɗa. "In dai za a ci, ko a bayan raga ka tsaya."

Asabar da yamma fili ya cika. An kawo wa wakilin kujerar roba da lema. Yana da ɗan littafi a cinya da waya a hannu, kuma wayar ta fi samun idonsa. Koci ya lura da haka tun minti biyar na farko: mutumin ba ya ɗago kai sai an yi ihu.

Abin ya tafi kamar a kwamfuta, har ya fi. Guduma ya dawo tsakiya, dogon ɗan bayan abokan karawa ya biyo shi kamar raƙumi da akala, Guduma ya zura wa Walƙiya ɗan gefen dama, raga ta motsa. Aka yi ihu. Wakilin ya ɗago, ya ga Walƙiya yana gudu da riga a hannu, ya yi rubutu. Kafin hutun rabin lokaci aka sake, wannan karon Gajere ɗan gefen hagu ne ya ci.

Saura minti goma ƙwallo ta faɗo wa Guduma a bakin da'ira, a ƙafar dama, babu kowa a gabansa sai gola. Nan ne gidansa. Shekara goma sha ɗaya daga nan yake fasa raga. Ya ɗaga ƙafa.

"Yaya, ba shi! Ga Walƙiya!"

Koci bai san lokacin da ya fito daga bakinsa ba. Guduma ya ji muryar ƙaninsa, ya sassauta ƙafar, ya tura. Uku da nema.

Da aka tashi wakilin ya kira suna biyu, Walƙiya da Gajere, ya naɗe littafinsa. Koci ya tare shi a bakin mota.

"Yallaɓai, lamba tara fa?"

"Kuna da tara ne? Wancan babban? Na ɗauka ɗan tsakiya ne."

"Duk ukun shi ya haɗa."

"Madalla da shi. Nawa ya ci?"

Koci ya waiwaya wajen yayansa.

"Mai ci aka aiko ni nema, ɗan samari." Ya rufe ƙofa.

Guduma yana zaune a kan taya yana kwance bandejin gwiwa. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da Koci ya fi samun sauƙi.

"Nawa kwamfutarka za ta ba ni yau?"

"Tara, Yaya."

"To Allah ya amfana." Ya ƙulle igiyoyin takalmansa wuri ɗaya, ya miƙa wa Walƙiya. "Naka sun yage. Kada ka je kulob ɗin da su."

A gida Umma ta dube su ta gane, ba ta tambayi kowa ba.

Litinin da safe ƙarar walda tana shigowa shagon waya daga ƙarshen titi. Koci ya tokare kwamfutar, ya buɗe sakamakon wasannin nan tamanin. Layin maki yake kallo kullum. Yau ya matsa gefe, zuwa layin da bai taɓa damuwa da shi ba. Tara na bogi, wasa arba'in, ƙwallo huɗu. Mai dako a bakin raga, mai maki shida, ƙwallo goma sha tara.

Ya mayar da ɗigon gaba, ya danna a fara. A minti na goma sha biyu ɗigon ya ci.

"Malam, ana gyaran caja a nan?" wata mata ta tambaya daga ƙofa.

Ya zare kwalin, murfin ya faɗi da kansa.

"Kawo," ya ce.