Babu Auta a Hoton

Tun ranar da Auta ta ɗauko 'yan gidansu daga filin jirgi ba ta ƙara yin barcin kirki ba. Masaukinta a nan ƙasar waje ɗaki ɗaya ne da falo, a saman wani gini da lif ɗinsa, na'urar hawa bene, ke aiki ranar da ya ga dama. Ta bar wa Yaya da matarsa gadon, ta gyara wa Baba doguwar kujerar falo kusa da abin ɗumama ɗaki, ita kuwa ta ja katifa zuwa lungun da ke tsakanin firij da ƙofar bayi. Duk mai son kama ruwa sai ya tsallake ta.

Yaya malamin makaranta ne, hutunsa sai ƙarshen shekara, shi ya sa tafiyar ta faɗo daidai lokacin Kirsimeti. A gidan kula da tsofaffin da Auta ke aiki kuwa, wannan makon nata ne tun da ta fara. Abokan aiki su tafi wajen iyalansu, ita ta riƙe musu, in tata buƙatar ta taso su rama mata. Bana ta je ta marairaice a canza mata, shugabar wurin ta dube ta kamar ta ce a ɗage bikin gaba ɗaya. Don haka da safe ta wanke iyayen wasu ta ba su abinci a baki, da rana ta dawo ta ja nata uban yawon ganin gari.

Dalilin yawon kowa ya sani, ba a dai faɗa a gaban Baba. Idanunsa tafiya suke. Likita ya ce ganin da ya rage kaɗan ne, kuma ba mai dawowa ba ne. Yaya ya sa a ransa cewa kafin duhun ya rufe sai tsohon ya ga duniya. Abin da Auta ke so bai kai haka girma ba. Shekaru ta yi rabonta da zama gaban mahaifinta, so take ya dube ta tun yana iya dubawa. Amma ina sararin?

"Auta, yau hasumiya," in ji Yaya, tun tana kwance igiyar takalmi a bakin ƙofa. "Gobe gadar nan mai fitilu."

"Yaya, ko a bari in ɗan miƙe ƙafa?"

"Ai mun huta tun safe, mu a shirye muke."

Su ɗin kam sun huta.

Haka za su fita. A naɗe Baba cikin rigar sanyi biyu da hula kan hula, har sai ya koma kamar ƙunshin kaya. A yi layin jirgin ƙasa, a yi layin shiga, a yi layin bayi. Auta ce mai jaka, ita ce mai tikiti, ita ce mai sanin hanya, ita ce mai ba da haƙuri in Yaya ya tsaya a tsakiyar matakala yana nuna wani abu da hannu. A dandalin da aka kafa ƙatuwar bishiya aka lulluɓe ta da fitilu, Yaya ya kama kafaɗar Baba.

"Baba, ka ga bishiyar? Ka ga tauraron can a ƙoli?"

"Na gani, masha Allah," in ji Baba.

Sandar fitilar titi yake fuskanta. Auta ta lura, don aikinta ke nan, ta san muryar tsoho idan ya ce e don a ƙyale shi.

Sai kuma hoto. Wannan kam ba a wasa da shi.

"Ƙanwata, ɗauke mu," matar Yaya za ta ce, tana miƙa mata wayar mijinta. "Ki ɗan durƙusa bishiyar ta fito duka. Kai, na rufe ido, sake. Ke da kike gari, ai kin gaji da ganin nan."

Auta ta durƙusa a kan dutse mai sanyi, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗauka, ta sake. Ita da bishiyar nan ba ta taɓa ganinta ba sai bana.

Ranar bikin kanta gari ya yi tsit, kantuna a rufe. Yaya ya leƙa ta taga ya ce, "Wane irin biki ne wannan, ba kowa a waje?" Auta ba ta tsaya ba shi amsa ba, aikin yini guda ke jiranta. A can wani tsoho da 'ya'yansa ba su zo ba ya riƙe hannunta, ya yi ta kiranta da sunan 'yarsa, ita kuma ta yi ta amsawa. Da ya yi barci ta shiga ɗakin ajiye tawul ta yi kukanta. Haushi take ji, na Yaya, na shugabar, na kanta, kuma gajiya ta hana ta sanin wanne ya fi.

Safiyar ranar komawarsu ma aiki gare ta. Shirin shi ne ta dawo da rana ta kwashe su kai tsaye zuwa filin jirgi. Ta sa kayan aiki, ta rataya jaka, ta fito falo a hankali. Baba na zaune a kujera, wayar Yaya manne da hancinsa.

"Baba, ina kwana. Za ka ƙara wa idon ciwo fa."

"Lafiya lau, Auta. Ai nan nake yawona." Ya buɗa hoton da yatsu biyu, kamar yadda aka koya masa. "A waje ba na ganin komai sai haske yana zuba. Amma in kin tafi aiki na buɗa su haka, ɗaya bayan ɗaya, sai in gani. Na ga hasumiyar, na ga gadar. Yayanki da matarsa kuwa na gan su har sun ishe ni."

Ta yi 'yar dariya.

"Ke ce ban samu ba," ya ce. "Na duba gaba, na duba baya. Wai ina kike tsayawa ne?"

"Ni ke ɗauka, Baba."

Ya yi ta jan yatsa har ya tsaya a kan wani, ya juyo mata da wayar. A kusurwar sama wani abu baƙi-baƙi ya tare rabin gadar.

"Wannan fa?"

"Yatsana ne. Kuskure ne, za a goge."

"Kada wanda ya goge. Na ce ko naki ne. Shi nake ta kallo."

Auta ta ƙura wa hoton ido.

"Ɗauki kanki ki ba ni," in ji Baba.

"Bari in ɗan gyara fuska, kayan aiki ne a jikina."

"Haka nake so."

Ta ɗaga wayar, ta danna, ta miƙa masa. Ya kai ta hanci, ya buɗa. Ya bi goshin a hankali, ya gangaro ido, ya tsaya a kan kumburin da ke ƙarƙashinsa, ya koma gefen ɗankwali inda gashi ya leƙo.

"Furfura ce wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Ba wanda ya faɗa mini." Ya daɗe bai ɗago ba. "Kin gaji, Auta."

Tun zuwansu babu wanda ya ce mata haka. Can a titi ta ji bas ɗin da take shiga zuwa aiki ta tsaya, ƙofa ta buɗe, ta rufe, motar ta ja. Ta sauke jakar daga kafaɗa, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafarsa, ko takalmi ba ta cire ba. Shi kuwa ya koma kan goshin da ke hoton, ya sake farawa.