Kwana Tara Na'ura Tana Gini

Ranar Talata ta farko a watan Mayu aka kawo Salim gidan rediyon manoma na Madarunfa, kuma a ranar aka karɓi makullin ɗakin na'ura daga hannun Malam Zakari.

Hajiya Hajara, shugabar gidan, ta ce ba kora ba ce. Masu ba da tallafi ne suka aiko ƙwararre daga Maradi ya sabunta musu kaya, shi kuwa Malam ya huta. Zakari ya shekara talatin yana koyar da lissafi a koleji, ya san abin da ake nufi in an ce wa tsoho ya huta.

Ordinatar ɗin gidan, wato kwamfutar, tsohuwa ce, kuma shi ya haɗa tsarinta da hannunsa. Sauran mutane sukan ɗauko manhaja a shirye, kamar mai sayen gari a kasuwa. Shi a dami yake ɗauko hatsinsa: rubutun masu shirya manhajar yake saukewa, na'urar ta niƙa shi da kanta har ya zama abin aiki. Abin da ke niƙan shi ake kira kompilatar. Shekara shida Zakari bai sauya nasa ba, don wanda ya sauya shi sai ya sake gina duk abin da ke cikin na'urar, ga shi kuran ɗin garin, wato lantarki, ba ya cika yini bai ɗauke ba.

A cikin na'urar akwai wata jaka da ya sa wa suna "tsofaffi". Shirye-shiryen marigayiya matarsa Zuwaira ne, ɗari biyu da goma sha huɗu, na shekarun da take yi wa matan Safo da Gabi bayani kan ajiyar wake da ciwon yara. Yana da kwafinsu a wani faifai na dabam, amma zafin bara ya kashe faifan. Bai gaya wa kowa ba, don shi ne mai yi wa mutane wa'azi a kan ajiye kwafi biyu. Muryar Zuwaira ba ta ko'ina a duniya sai a jakar nan.

Salim mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, da takardun shaida cike da jaka da turare mai riga shi shiga ɗaki. Ya duba na'urar minti biyar, ya yi dariya.

"Baba, wannan kompilatar ai ya kai munzalin shiga aji ɗaya a lakkol. An yi sababbi huɗu bayansa."

"Yana aiki," in ji Zakari.

"Jaki ma yana aiki."

"Shi ya sa har yau shi ke kai hatsi Ɗan Issa ranar da motarku ta mutu, injiniya."

Hajiya Hajara ta yi gyaran murya, ta ce a bar yaro ya yi aikinsa. Salim ya yi alkawarin kwana ɗaya.

Zakari ya so ya ce a kwashe jakar tukuna. Amma faɗin haka yana nufin ya tsaya gaban wannan mai turaren ya amsa cewa ba shi da kwafi. Ya yanke shawarar ya bari sai injiniya ya sha ƙasa ya zo neman taimako, sannan ya faɗa masa daga sama, a matsayin sharaɗi. Ya ɗauki kujerarsa ya kafa ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, inda yake hango allon na'urar ta taga.

Abin kallon bai ba shi kunya ba. Sabon kompilatar shi kansa sai an gina shi, kuma a wannan na'ura awa goma sha tara yake ci. Ranar Laraba da azahar kuran ya ɗauke, batiran gidan kuwa na watsa shiri ne, ba a taɓa su. Aka koma farko. Ranar Alhamis zafi ya sa na'urar ta kashe kanta, Salim ya jiƙa tawul ya rataya a taga, ya kafa mata fanka kamar mai jinyar sarauniya. Ranar Asabar kompilatar ya ginu, sai ya ƙi karɓar rabin tsofaffin manhajojin gidan, har da wadda ke jera shirye-shirye. Ana watsa sanarwar biki da rasuwa daga wayar hannu. Turaren Salim ya ƙare, gumi ya karɓi aiki.

Kullum da safe Zakari yakan tambaye shi cikin ladabi ko kwana ɗayan ya cika. Ya gaya wa mai shayin ƙofar gida cewa ya karanta tarihin dauloli da yawa, duk wadda ta faɗi sai da aka fara kawo mata ƙwararre. Tun rasuwar Zuwaira bai ji daɗin mako kamar wannan ba.

Salim bai zo neman taimako ba. Sau ɗaya ya tsaya bakin ƙofa kamar zai yi magana, ya ga fuskar tsohon, ya koma ciki.

A kwana na takwas Zakari ya tafi Gabi gaisuwar rasuwa. Ya dawo washegari da hantsi ya tarar rediyo tana aiki daga na'urar, Hajiya Hajara tana ta sa albarka. Salim ya tare shi da fara'ar wanda ya fita kunya.

"Baba, an gama. Jiya ginin ƙarshe ya tsaya saura kaɗan, wai babu fili a faifai. Na share waccan jakar ta tsofaffi, ita ta cinye wuri. Hajiya ta ce kana da kwafin komai a gida, kai da kake ta yi musu faɗa a kai."

Zakari ya shiga ya zauna gaban allon. Ya san abin da zai gani, amma ya duba. Ginin ya bi ta kan gurbin jakar ya cike shi da nasa tarkacen, babu abin da za a tono. Sabon tsarin yana tashi da sauri, daƙiƙa huɗu ƙasa da na da. Salim ya nuna masa wannan har sau biyu.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji Zakari.

Motar masu tallafi ta zo da la'asar ta ɗauki Salim. Ya leƙo ta taga yana cewa in an sami matsala a kira shi. Zakari yana tsaye da makullin da aka mayar masa, maganar da ya riƙe kwana tara don ya faɗe ta da izza tana nan a bakinsa yadda ya shirya ta tun Talatar farko: kafin ka taɓa komai, ka bar ni in kwashe jakar can, matata ce a ciki, kuma ba ni da wata.