Fuskoki Biyar a Kan Tebur

Tun da abokin aikinsa ya ajiye farar riga ya tafi neman sa'a ƙasar waje, Dogo ya zama shi kaɗai ne ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin. Shi ke allura, shi ke ƙarin ruwa, shi ke wankin ciwo, haihuwa ma idan ta zo da gardama shi ake ƙwala wa kira. Ban da shi sai tsohon da ke ba da magani, wanda kowa ke ce wa Kawu, da Inna mai shara.

'Yarsa Ƙarama tana can birni wajen uwarta. Sikila gare ta, kuma bana ciwon ya hau ƙirji: a kwantar da ita, a sallame ta, a sake mayar da ita. Dogo ya nemi hutu ya je ya gan ta. Ofis suka ce ba a barin asibiti babu ma'aikaci, ya jira a turo wani. Yana ta jira.

Ana cikin haka labari ya zo cewa masu bincike za su zo su auna ƙwazon ma'aikata. Kawu ya tara Dogo da Inna a ɗakin magani, ya tura ƙofa.

"Ku buɗe kunne," in ji shi. "Na tsufa a aikin nan. Duk wanda ya zo da mota mai sanyi ya ce ka faɗi damuwarka, sunayen waɗanda za a kora yake tarawa. Kome aka tambaya, lafiya lau."

"Ni dai tsintsiya zan ce su sayo mini," in ji Inna.

Kawu ya ce, "Rufa mana baki. Tsintsiyar taki ai ta fi haƙoranki yawa."

"Gara ni, ina da na tauna. Kai fa?"

Dogo bai yi dariya ba. "Kawu, in ban faɗa ba, yaya za su san ina nutsewa?"

"Ɗana, a kore ka, wa zai sayi maganin yarinyar? Haƙuri."

Wadda ta zo budurwa ce mai sanyin murya. Ta zauna da shi a ɗakin allura, ta jera katuna biyar a kan tebur. Kowane da zanen fuska: ta farko tana kuka, ta ƙarshe ta washe baki.

"Malam, ba zan rubuta sunanka ba. Zan yi tambaya, ka taɓa fuskar da ta yi daidai da zuciyarka. Idan ka tashi da safe, yaya kake ji game da zuwa aiki?"

Wayarsa ta fara rawa a aljihu. Ya san matarsa ce. Ya dafe aljihun da hannu ɗaya, ya taɓa mai washe baki da ɗayan.

"Kana samun hutu yadda ya kamata?"

Mai washe baki.

"Manyanka suna jin kukanka?"

Yatsansa ya tsaya a sama. Maganar ta zo masa har baki: yarinyar, hutun, barcin da yake yi a kan gadon marasa lafiya da takalmi a ƙafa. Sai ya ji tarin Kawu a bayan ƙofa. Ya sauke yatsan inda ya saba.

Budurwar ta dubi jajayen idanunsa. "Malam, ka tabbata? Ba laifi ba ne mutum ya gaji."

"Mun gode Allah," in ji Dogo. "Aikin lada ne."

Ta rubuta, ta tattara katunanta. Kawu ya raka ta har mota yana washe baki fiye da na katin.

Makonni suka wuce. Dogo ya ji an ɗauki sababbin ma'aikata, ana rarraba su. Da safe, kafin ya fara ganin mutane, ya kira shugaban ofis.

"Ranka ya daɗe, maganar wanda za a turo mini ce."

"A'a, Dogo gwarzo! Ai sakamakon binciken nan ya fito. Asibitinku ne kan gaba a ƙwazo, kaf yankin."

"To wanda za a turo fa?"

"Ka san ba su da yawa. An kai su inda ma'aikata suka karaya. Ka ga asibitin gaban gada? Nas ɗinsu kuka ta fashe da shi a gaban mai binciken, dole aka ba su biyu. Kai kuwa ba ka da matsala. Za mu aiko maka da takardar yabo."

"Ranka ya daɗe, 'yata..."

"Allah ya ba ta lafiya. Ka ƙara haƙuri zuwa baɗi."

Shugaban ya kashe. Dogo ya tsaya riƙe da wayar, sai ta fara rawa. Matarsa ce.

"Baban Ƙarama, sun sa mata iskar numfashi tun jiya."

"Tana magana? Ta tambaye ni?"

"Da tana tambaya. Yanzu ta daina."

Ya fito baranda. Benci ya cika: tsoho mai ciwon ƙafa, mata masu awon ciki, wata kuma rungume da jariri. Kawu ya leƙo ta tagar magani, ya ga yana cire farar riga.

"Ina zuwa?"

"Birni."

"Ba izini? Kora ce fa, ɗana."

"Ka ce mu yi shiru kada a kore mu. Mun yi shiru."

Inna ta jingine tsintsiya ta shiga ɗaki, ta fito wa Dogo da jakarsa.

Mai jaririn ta miƙe ta tare shi. "Likita, don Allah, jikinsa kamar garwashi."

Dogo ya taɓa goshin yaron, ya ɗaga fatar idonsa, ya saurari numfashinsa. Ya faɗa wa Kawu abin da zai ba shi da yadda za a sha.

"In zazzaɓin ya ƙi sauka fa?" in ji matar.

"Ki kai shi gaban gada. Can akwai ma'aikata."

"Da nisa, likita. Da me zan je?"

Dogo ya saɓa jakarsa ya ratsa ta tsakiyarsu, suna kiransa ta ko'ina, tsohon nan har yana kama masa gefen wando. Ya zame. A bakin titi wata babbar mota mai zuwa birni ta taho da lodin buhuna. Dogo ya shiga tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu, bai matsa ba sai da ta tsaya.