Kamar Gaske

"Wa ya ɗinka miki wannan? Kamar gaske!"

Matar sabon likitan garin ce ke tambaya, tana shafa dogon siket ɗin Ghizela mai ninki-ninki da jajayen furanni. Ta ce da ta san iyaye ma suna shiga a bikin kaka na makaranta, da ita ma ta yi shigar Tsigani. Sai da wata ta zungure ta sannan ta janye yatsunta, ta goge su a jikin jaka.

Ghizela ba shiga ta yi ba. Batsiganiya ce daga unguwar bayan gada, 'yar ƙabilar Tsigani da mutanen garin ke rainawa. Da wannan siket take zuwa kasuwa, cikin irinsa aka binne kakarta. Irinsa kuma Malama Otilia ta hana Persida, 'yar Ghizela, sawa a makaranta, wai yana ɗauke hankalin yara: ko wando kamar kowa, ko zaman gida. Shi ya sa yau Persida ke tsaye a ƙarshen layi cikin kwali mai ruwan goro, wai ita ce kabewa.

* * *

An ƙawata zauren da tuffa da inabi da busasshen ganye. Mai shigar bushiya ta wuce, mai shigar laimar kwaɗi ta wuce. Sai ga 'yar magajin gari cikin shigar Tsigani, da dogon siket da ɗankwali, an shafe mata fuska da baƙin tukunya. Ta kama tafin hannun Malama kamar mai duba, da ɗaya hannun kuma ta lallaɓa aljihun Malamar. Zauren ya kece da dariya. Ita ta ci kyauta.

Persida ma ta so ta tafa, amma kwalin ya hana hannayenta haɗuwa.

* * *

Da aka sallami yara, iyaye suka zauna. Limamin coci ya ce a soke bikin, baƙuwar al'ada ce. Malama ta ce a nan yara ke koyon girmama al'adun juna. Ghizela tana bakin ƙofa, rungume da kabewar kwali.

"Ke fa, Ghizela? Faɗi naki, mu nan ba ma wariya."

"A ci gaba da biki, Malama. Ashe siket ɗinmu har kyauta yake ci a makarantar nan."

Malama ta yi murmushi, ta ce ai wannan wasa ne, kuma wasa ya ƙare.

"Na sani," in ji Ghizela, ta ajiye kwalin a kan teburi. "Gobe Persida da nata siket za ta zo. In za a kore ta, a kore ta a gaban wadda ta ci kyauta."