Ranar da Muka Ja Gidan Bahamonde

A nan tsibirin Chiloé wanda zai ƙaura ba ya barin gidansa a baya. Maƙwabta yake gayyata da shanunsu, a zura manyan gumagumai biyu a ƙarƙashin gidan, a ja shi zuwa sabon wuri, shi kuma ya ciyar da jama'a.

Eleuterio Bahamonde ya kira mu mu ja nasa zuwa tudu, don teku ta fara cin filinsa. Gidan katakon itacen pino ne, a ɗage daga ƙasa, kuma ba shi da wani gidan.

Shekara shida kafin nan matarsa, Doña Clorinda, ta yi ƙorafin iska na shigowa ta ƙasan daɓe tana sanyaya mata ƙafa. Sai ya kewaye ƙasan gidan da kwano, ya toshe ruf. Na gaya masa kakanninmu ba wawaye ba ne da suka bar wurin a buɗe, katako na son iska. Ya ce in je in yi wa shanuna wa'azi.

Ranar ja da safe, tsoho Rudecindo kafinta ya ɓalle kwano ɗaya ya leƙa. Naman gwari ya lulluɓe katakan da ke ɗauke da gidan, fari fat kamar auduga. Ya soka wuƙa, ta shige har ƙota. Ya ɓantaro guntu ya murje, ya zama gari ja.

"Ɗana, wannan ba katako ba ne," in ji shi. "Burodi ne."

"Haba Baba, wuƙarka ce ta cika kaifi," in ji Eleuterio. "Na yanka tumaki biyu, dankali na kan wuta. Mutum sittin zan ce su koma?"

"Su ci, su koma. Ka canza katakan, mu dawo."

"A yi mini dariya a coci? A ɗaura sarƙa!"

Muka ɗaura. Shanu ashirin da huɗu suka yunƙura. Gumaguman suka tafi da rabin daɓe da murhun ƙarfe. Sauran gidan ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya durƙushe.

Murhun ya isa tudu lafiya. Muka ci tumakin, tunda an riga an yanka.

Girman kai ne ya rushe gidan nan, naman gwari aikinsa kawai ya yi. Yanzu suna zaune a ɗakin ajiyar dankalina, wanda ƙasansa a buɗe yake. Doña Clorinda tana sa safa biyu.